Ranar da Na-Taga Ya Tashi Raba Gishiri da Sukari

Ni tela ne, kuma ƙofar ɗakina tsakar gidan da muke haya take kallo. Saboda haka duk abin da zan gaya muku da idona na gani, wani ma a jikina na ji shi.

Mutumin da muke kira Na-Taga shekara goma sha tara ya yi yana gadin wata makarantar sakandare. Allah ya sa bencinsa yana ƙarƙashin tagar ɗakin gwaje-gwaje, inda ake koya wa ɗalibai kimiyya. Ɗalibai su zo su wuce, malamai su zo su wuce, shi yana nan zaune, kunne ɗaya a darasi, ɗaya a ƙofar shiga. Ranar da ya yi ritaya abu biyu ya dawo da su gida: wata tsohuwar farar rigar gwaji da aka jefar, da tabbacin cewa duk unguwar nan babu mai rabin iliminsa.

"Wanda ya yi shekara uku a aji ana ba shi takardar shaida," in ji shi wata rana. "To, ni da na yi goma sha tara fa, me ya kamata a ba ni?"

Gwaggo, tsohuwar da take da gidan, ta ce, "Kai sai a ciro tagar a ba ka."

Daga nan sunan ya bi shi.

Matarsa kuwa, Maman Biyu, Allah ya ba ta abu biyu ita ma, haƙuri da hannun girki. Shekara da shekaru tana sayar da abinci a bakin titi, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Sai ga dama ta samu. Makarantar da mijinta ya yi gadi tana neman wadda za ta riƙe wurin abincin ɗalibai. Aka ce ta dafa wa malamai arba'in abincin taronsu na ranar Laraba, shinkafa da kaza, da kek na shan shayi. Idan ya yi daɗi, wurin nata ne. Malamar Kimiyya aka ɗora wa aikin, ita za ta zo da motar makaranta ƙarfe goma sha biyu ta ɗauki abincin.

Ranar Talata da yamma Na-Taga ya ce kayan abincin manyan mutane ba a ajiye su a ƙasa, zai kafa kanta a bangon kicin. Na ce masa bangon nan yashi ya fi siminti yawa, a kira kafinta. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Kafinta da ido yake aiki, Tela. Ni da lissafi nake."

Ya buga ƙusa huɗu, ya ɗora katako. Ya jera shinkafa, fulawa, sukari, gishiri, jarkar mai, har da gwangwanin ƙusoshinsa. Ya ja baya ya riƙe ƙugu yana kallo.

Gaskiya kantar ta yi iya ƙoƙarinta, don ta kwana. Ƙarfe bakwai da rabi na safe muka ji rugum!

Muka ruga. Shinkafa da fulawa da ƙusoshi da yashin bango duk sun taru a babban baho. Ledar sukari da ta gishiri sun fashe a roba ɗaya. Jarkar mai ta kife a cikin bokitin ruwa, murfinta ya yi nasa wuri.

"Ba laifin kanta ba ne," in ji Na-Taga, tun kafin kowa ya tambaye shi. "Ƙasa tana da ƙarfin jan abubuwa. Yau da safe ta ja da yawa."

Maman Biyu ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta tsuguna ta dubi kowane mazubi, ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta.

"Ba komai. Bari in je in karɓo kajin nan, in sayo wata fulawar. In na dawo zan tsince ƙusoshin, in rege shinkafar, in kwashe man da ludayi. Lokaci zai isa." Ta juyo wurin mijinta. "Malam, don girman Allah, kada ka taɓa komai."

"Ko kallo?"

"Kallon ma daga nesa."

Ya tsaya yana sauraro har ƙarar takalminta ta ɓace a lungu. Sai ya shige ɗaki. Da ya fito, farar rigar nan ce a jikinsa, maɓalli har wuya, ga biro uku a aljihu waɗanda babu mai rubutu a cikinsu.

"Tsinta! Rega! Ludayi!" Ya girgiza kai. "Aikin zamanin jahiliyya. Abin da za ta ɓata awa biyu a kai, kimiyya minti ashirin za ta yi. Kafin ta dawo za ta tarar da kowane abu a inda Allah ya halicce shi."

Ya jawo tebur tsakiyar gida, ya kwaso baho da roba da bokiti. Bai tsaya nan ba, sai da ya leƙa titi ya kira mai shago da mai wanki da duk wanda ke wucewa, wai su zo su ga abin da ba a gani sai an biya kuɗin makaranta. Gwaggo ta jawo kujerarta kusa da igiyar da ta shanya wankinta, ta zauna.

"In ba a gani yau ba, yaushe za a gani?" in ji ta.

Aka fara da ƙusoshi. Na-Taga ya ce mayen ƙarfe yake buƙata. Maƙwabcinmu Bakanike yana waje a ƙarƙashin wata mota, ɗakinsa a buɗe. Kafin mu ankara mutumin ya shiga, ya kwance bayan babbar sifikar da Bakanike ya fi so fiye da ƙannensa, ya fito da wani baƙin ƙarfe kamar faranti. Ya naɗe hannun riga, ya ratsa shi a saman shinkafa.

Tas! Tas! Tas! Ƙusoshi suka riƙa tsalle suna mannewa.

Wallahi ba zan yi ƙarya ba, abin ya burge. Mai shago ya tafa. Mai wanki ya ce, "Kai, ashe mutumin nan da gaske yake!" Wannan tafin shi ne musabbabin duk abin da ya biyo baya, kuma har gobe ina riƙe da mai shago a zuciyata.

Bakanike ya shigo wanke hannu, ya ga abin da ke hannun Na-Taga, ya leƙa ɗakinsa, ya fito.

"Sifikata ce wannan?"

"An are ta ne saboda ilimi."

"Ilimin ya san yadda ake mayar da ita?"

"Kai dai tsaya ka ƙaru. Ba kullum ake samun irin wannan a kyauta ba."

Na-Taga ya cire agogon hannunsa don kada fulawa ta ɓata shi, ya ɗora shi a kan mayen ƙarfen, ya ce, "Tara da minti goma. Muna da lokaci kamar ƙasa."

Sai maganar raba fulawa da shinkafa. Gwaggo ta ce a zuba a rariya a girgiza, fulawa ta zube ƙasa, shinkafa ta tsaya.

"Gwaggo, da girmanki, wannan wurin masana ne. Abu mai nauyi da mara nauyi iska ke raba su. Tela, ɗauko fankarka."

Ya kamata in ce a'a. Amma idon jama'a yana kaina, kuma ga ƙusoshi na gani da idona. Na ɗauko fankata mai tsayuwa. Ya shimfiɗa tabarma, ya hau kujera da baho a kafaɗa, ya ce a kunna.

"Lamba nawa?" in ji ni.

"Akwai wadda ta fi uku?"

"Babu."

"To, ukun."

Ya karkata baho. Abin da na iya gani na ƙarshe shi ne bakin mai wanki a buɗe. Daga nan duniya ta yi fari fat. Tari ta ko'ina, atishawa ta ko'ina, wani yana salati, wani yana neman ƙofa yana rungumar bango. Fankar kuma mai juyawa ce, babu wanda ya tuna ya tsayar da wuyanta, sai ta riƙa raba fulawar bisa adalci, dama da hagu, kowane ɗaki da rabonsa.

Da ƙura ta lafa, na ga wankin Gwaggo, jiƙaƙƙe, ya sha fulawa ya zama kamar an shafa masa kunu. Gwaggo kanta tana zaune inda take, fara sol tun daga ɗankwali har silifa, ido biyu kawai ke motsi. Na waiga ɗakina. Baƙar kwat ɗin wani lauya da na yi kwana huɗu ina ɗinkawa, wadda zai karɓa da la'asar, tana rataye kamar rigar mai gidan burodi.

Shinkafar kuwa kashi ɗaya ya sauka a tabarma, kashi biyu sun bazu a tsakar gida har bakin magudana. Kajin maƙwabta, waɗanda ba a gayyata ba, suka shigo da iyalansu.

"Kun gani?" in ji Na-Taga daga kan kujera. "Akwai sauran fulawa a cikin shinkafar?"

"Babu," in ji Gwaggo, tana tofar da gari. "Tana cikin hancina. In matarka ta dawo sai ta zo ta ɗiba ta yi kek."

Ya sauko, ya ɗauki tsintsiya ya share shinkafar da ƙasa da kashin kaji ya mayar baho, ya ce wannan ƙaramin abu ne, ruwa zai raba su. Ya kwara ruwa. Fulawar da ta rage a gindin baho ta ce ga ta nan, ta kama shinkafa da yashi ta ɗaure su wuri ɗaya. Ya tsoma muciya, muciya ta tsaya da ƙafarta.

"Wannan a bar shi ya huta," in ji shi. Ya leƙa agogo. "Tara da minti goma. Kun ga saurin kimiyya?"

Bakanike ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dube ni. Na ce masa da ido ya yi shiru. Kwat ɗin lauya ta riga ta kashe mini tausayi.

Aka zo kan sukari da gishiri. Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗebi kaɗan ta murza.

"Kai, ɗan nan, saurara. Gishirin nan mai manyan ƙwayoyi ne, sukarin kuwa mai laushi. Rariya ɗaya za ta raba su kafin ka gama gyara maɓallinka. Ga ta can a rataye."

"Ke komai rariya! Wannan ba aikin rami ba ne, aikin narkewa ne. In aka zuba ruwa, ɗaya zai narke, ɗaya ya zauna. Sai a tace. Sunansa filtireshan."

"Mu tacewa muke ce masa, kuma tun uwarka tana goye muke yi. Wanne ne zai narke, wanne zai zauna?"

"Za ki gani."

Ya juye buta guda a robar, ya dama da cokali. Muka taru muka leƙa. Ruwa garai-garai, babu ko ƙwaya.

"Ina wanda ya zauna?" in ji Bakanike.

"Yana ciki."

"A ina?"

"Bai gama yanke shawara ba. In an tace zai fito."

Ya waiwaya neman abin tacewa, hannunsa ya faɗa kan wani sabon yadi shuɗi da ke kan teburina. Kafin in buɗe baki ya ɗaure shi a bakin wani kwano, ya tsiyaya. Ruwan da ya shiga fari ya fito shuɗi shar. A kan yadin kuwa babu abin da ya tsaya sai ƙafar kiyashi ɗaya.

"Madalla," in ji Gwaggo. "Da abu biyu ne a haɗe, yanzu sun zama uku. A haka za mu kai goma kafin azahar."

Gumi ya fara zana layi a fulawar da ke goshinsa, amma bakinsa bai mutu ba.

"Shuɗin nan alama ce mai kyau. Yanzu sai mataki na gaba, ifaforeshan. A ɗora a wuta, ruwa ya tashi sama, gishiri ya koma gefensa, sukari ya koma gefensa."

"Wa zai nuna musu gefen?" in ji ni.

"Tela, in ana maganar allura za a neme ka."

Tukwanen matarsa duk fulawa ta rufe su, sai ya ɗauko ta Gwaggo da ke kife a bakin ƙofarta, tukunyar da ta ce ta girme shi. Ya kunna risho ya ƙure wuta. Ruwa ya tafasa, ya ragu, ya yi kauri. Shuɗi ya koma kore, kore ya koma ruwan ƙasa. Wani ƙamshi ya tashi kamar na alewa, mai shago ya fara haɗiyar yawu. Na-Taga ya juya wa tukunya baya, ya shiga yi wa jama'a bayanin yadda tururi yake zama girgije, girgije ya zama ruwan sama, da yadda shi ne ya taɓa gyara wa wani malami kuskure a kan wannan batu ta taga. Yana cikin girgije, ƙamshi ya koma ƙauri. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe.

Da aka sauke, abin da ke cikin tukunya kwalta ce. Ludayin da ya bari a ciki ya tsaya ƙiƙam. Bakanike ya kama ludayin ya ɗaga, tukunya ta biyo shi.

"To, Malam, wane gefen ne na gishiri?"

"A ido ne suke haɗe. A harshe a rabe suke."

Ya sa wuƙa ya ɓantaro wani ɗan dunƙule daga gefen da bai gama daskarewa ba, ya hura, ya jefa a baki, ya datsa haƙori.

Haƙoran suka ƙi buɗuwa.

Ya yi ta motsa muƙamuƙi, idanu suka firfito, hawaye na zuba saboda gishiri da ɗaci. "Mmm! Mmmm!" Yana nuna bakinsa, yana nuna buta. Babu wanda ya motsa. Shekara shida ina gidan nan, ban taɓa jin tsakar gida ta yi shiru irin na wannan lokaci ba. Har kukan tsuntsu muka ji.

"Kada wanda ya ba shi ruwa," in ji Gwaggo a hankali. "Tukunyata ta tafi, amma ba ta tafi a banza ba."

Mai wanki ne ya karya mana jin daɗi, ya miƙa masa ruwan ɗumi. Da bakin ya buɗu, kalmar farko da ta fito ita ce, "Saura mai."

Nan kam, in za a faɗi gaskiya, ya fara da daidai. Man yana sama, ruwa yana ƙasa, kowa yana gani. Ko makaho aka ba ludayi zai kwashe. Amma ludayi yana cikin kwalta, kuma ko yana nan, Na-Taga ba zai yarda a gan shi yana aikin da kowa zai iya ba. Ya ce ta ƙasa za a zuƙe ruwan, man ya sauko da kansa. Ya fita ya ɗauko tiyon da Bakanike yake zuƙar fetur da shi.

"Wannan fetur ne a cikinsa," in ji Bakanike.

"An san da haka."

Ya cika tiyon da garin sabulu, ya ɗan zuba ruwa ya girgiza, ya ce ya wanku. Ya tura baki ɗaya cikin bokiti, ya kafa nasa bakin a ɗayan, ya ja da ƙarfi. Abin da ya iso masa fetur ne da sabulu da mai. Ya shaƙe, maimakon ya tofar sai ya hura. Bokiti ya yi ɓul-ɓul-ɓul, kumfa ta taso. Ya ruɗe ya shiga dama bokitin da tiyo, wai yana neman gindin. Kafin ya gama, babu sama babu ƙasa. Mai da ruwa, waɗanda tun da aka halicci duniya ba sa ga maciji, sabulu ya sasanta su, sun zama wani farin abu kamar madara, mai warin gareji.

"Kai, wannan ya cancanci lambar yabo," in ji Bakanike. "An ce ka raba, ka ɗaura musu zumunci."

"Wuta za ta kori ruwan," in ji Na-Taga, yana magana kumfa na fita ta gefen bakinsa. Ya leƙa agogo. "Tara da minti goma. Akwai lokaci."

Ya juye abin a babban kasko ya ɗora a risho. Daidai nan Maman Biyu ta shigo da sauri, mai kaji ya cinye mata safiya, ledar kaji a hannu ɗaya, fulawa a ka. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi farin gida, ta dubi Gwaggo, ta dubi baho mai muciya a tsaye, tukunya mai ludayi a tsaye, sannan ta dubi mijinta.

"Malam, me na ce maka?"

"Ai ban taɓa da hannu ba sosai. Yawanci kayan aiki ne suka..."

Fau!

Kasko ya fara harbi. Fau! Tau! Fau! Man da ya yi zafi ya haɗu da ruwa, ya shiga tsalle yana neman wanda zai sauka a kansa. Mai shago ya haye bokiti, ya zame, ya zauna daɓas a cikin bahon shinkafa. Mai wanki ya shige bayan wankin Gwaggo. Bakanike ya ɗauki murfin tukunya ya kare fuska. Gwaggo, wadda kullum take kukan ciwon gwiwa, ita ta riga kowa isa ɗaki. Na-Taga ya tsaya yana cewa, "Kada ku tsorata, ruwan ne yake fita!" har sai da wani ɗigo ya same shi a kunne, sannan ilimi ya ruga ya ɓuya a bayan fankata.

Maman Biyu ce ta ajiye kayanta, ta jiƙa buhu, ta matsa ta gefe ta kashe risho ta rufe kaskon.

Sai muka ji hon a ƙofar gida.

"Wane ne kuma da sassafen nan?" in ji Na-Taga daga bayan fanka.

"Sha biyu saura minti biyar," in ji Bakanike, yana nuna masa waya. "Agogonka tun da ka ɗora shi a kan mayen ƙarfe ya yi ritaya, kamar mai shi."

Malamar Kimiyya ta shigo, doguwar mace mai tabarau, direba na biye da ita da manyan kuloli. Ta taka a hankali tsakanin mai da fulawa. Rabin titi ya biyo bayanta. Na-Taga ya fito, ya gyara wuyan riga, ya ƙame kamar yadda yake yi a bakin ƙofar makaranta.

"Barka da zuwa, Malama. Kin same mu a tsakiyar aiki."

"Na gani, Baba." Ta leƙa tukunya, ta gwada jan ludayi, ta bari. "Wannan mene ne?"

"Sukari da gishiri."

"Wa ya ce maka a zuba musu ruwa?"

"Ke, Malama. Da bakinki. Kin ce a zuba ruwa, ɗaya ya narke, ɗaya ya zauna, a tace, a dafa."

"Gishiri da yashi na ce, Baba. Yashi ne ba ya narkewa. Sukari da gishiri duk narkewa suke yi. Kowace shekara sai na maimaita wannan sau uku."

Ya sosa kunnen da mai ya ƙona. "To, wataƙila daidai wurin ne mota take yin hon, in tashi in buɗe ƙofa."

"Shekara goma sha tara?"

"Makarantar akwai yawan motoci."

Jama'a suka kwashe da dariya har mai shago, wanda har yanzu ana ƙoƙarin ciro shi daga baho. Malama ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce in Gwaggo ta yarda za ta tafi da tukunyar ta nuna wa ɗalibai, don shekara da shekaru tana neman misali irin wannan ba ta samu ba.

"Ɗauki," in ji Gwaggo ta ƙofar ɗaki. "In kina da wuri a motar, haɗa da wanda ya dafa."

Maman Biyu ba ta yi dariya ba. Ta matso gaban Malama, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba. Babu abinci. Kaji ne kawai, su ma ɗanyu. Ki ba su haƙuri, ki ba wata wurin."

Duk mun san shekarun da matar nan ta yi a bakin titi. Na-Taga ya buɗe baki, Bakanike ya ɗaga masa murfin tukunya, sai ya mayar da bakin ya rufe.

Malama ta dube ta. "Shekara nawa kuke tare da shi?"

"Ashirin da shida."

"Kuma ba ki taɓa tura shi rijiya ba?"

"Gidan babu rijiya, Malama."

"To, matar da ta iya da wannan, ɗalibai ɗari huɗu ba za su gagare ta ba. Ɗauko kajinki da kayan ƙamshinki. Akwai murhu da tukwane a makaranta, za mu tsaya a hanya mu sayi mai da burodi. In malamai sun ci ƙarfe biyu ba za su mutu ba. Shinkafa da kek kuma sai Laraba mai zuwa, a can za ki dafa, ba a nan ba." Ta juya. "Baba, kai kuma na san sabon mai gadi. Zan ba shi hotonka."

Aka ɗora tukunya da ludayinta a kujerar gaba, Maman Biyu ta shiga baya da kajinta. Daga baya muka ji malamai sun cinye har ƙashi, kuma bayan mako biyu wurin abincin ya zama nata.

Amma a ranar, motar tana juya kwana, Na-Taga ya waiwayo ya dubi taron da ke ƙofar gida, ya kakkaɓe kafaɗa.

"Kun dai gani da idonku. Makaranta ta aiko mota musamman an ɗauki sakamakon bincikena."

Bakanike ya danƙa masa sukudireba da sifika. Ni na danƙa masa burushi da kwat ɗin lauya. Gwaggo ta turo masa tsintsiya da bokiti da ƙafa, ta nuna masa wankinta. Haka ya yini, yana shara yana goge-goge, yana gaya wa kajin maƙwabta cewa duk manyan masana sai da mutanensu suka ƙi su.

Da la'asar gida ya fara komawa kamanninsa. Gwaggo ta yi wanka, ta fito ta zauna a kujerarta da kofin shayi, ta zuba madara tana juyawa da cokali. Na-Taga yana tsugune kusa da ita yana kankare fulawa daga siminti. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya ƙura wa kofin ido.

"Gwaggo," in ji shi a hankali, "kin kuwa san ko bayan an haɗa, ana iya raba madara da shayi?"

Gwaggo ta dube shi. Ta rufe bakin kofin da tafin hannu, ta miƙe, ta shige ɗaki. Muka ji ta murza makulli sau biyu, sannan muka ji tana jan gado tana tokare ƙofa.